Kalmar Da Yaya Ya Ƙi Rubutawa

Zuwa ga Goggo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kin tashi lafiya. Yaya ƙafar? Yaya kuma kunnen? Ranar da na kira ki, ina tambayar jikinki kina ba ni labarin famfon da ya lalace, shi ya sa na yarda mu koma takarda kamar yadda kika nema, tunda direban doguwar mota ya ce zai riƙa kai miki. Ni lafiya lau, sai mura da sanyin ofis ya sa min.

Goggo, an canza min aiki, kuma ban san ta inda zan fara faɗa miki ba. Tun rasuwar Yaya Dogo ba wanda ya zauna a teburinsa. Makon jiya Oga ya kira ni ya ce in koma can, in duba aikin da ya bari.

Bari in yi miki bayani yadda za ki gane. Kamfaninmu ya haɗa wa asibitoci wata manhaja da ke amsa saƙon marasa lafiya a waya. A ofis muna ce mata ɗan aike. Shi ke sa wa mutum ranar ganin likita, ya ɗage ta, ya tuna masa shan magani. Amma ɗan aiken nan kullum baƙo ne. Ki ɗauka an shigar da shi ɗaki cike da kayan aiki, kowane da ɗan rubutu a jikinsa mai cewa ga amfanina, ga lokacin da za a ɗauke ni, ga lokacin da ba za a taɓa ni ba. Abin da ya karanta a jikin nan da shi yake aiki, ba shi da wanda zai tambaya. To, duk rubutun Yaya ne ya yi shi.

Aikina shi ne in zama mara lafiya na ƙarya, in yi ta aika wa ɗan aike saƙo iri-iri, in ga ko ya ɗauki kayan da ya dace. In ya yi daidai, bayanin ya ci. In ya ruɗe, sai in ba bayanin maki kaɗan, a goge a sake. Kin ga na gaje ki a aikin malamai na ba da maki, sai dai ba ni da jan biro.

Ga abin da ya sa na ɗauki takarda. Yaya ya cika bayanansa da misalai, kuma da bakinsa ya rubuta su. Ranar farko na rubuta wa ɗan aike cewa ina so a soke min ganin likita. Sai ya amsa: "Tsaya tukuna, kada mu yi gaggawa. Sokewa kike so ko ɗagewa?" Goggo, maganar Yaya ce sak. Na waiga ban sani ba. Kujerarsa nake kai, kofin shayinsa mai tsagaggen baki yana cikin durowa, ga kuma maganarsa a fuskar kwamfuta. Mai-tabarau, abokin aikina da ke gefena, ya ce lafiya? Na ce mura ce.

Ki gaida mai ɗinkin da ke haya a ɗakin waje.

'Yarki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na gode Allah da kike lafiya. Ki riƙa sa rigar sanyi, kin fi kowa sanin ƙirjinki. Ƙafa da sauƙi. Kunne kuwa ya yi ritaya kamar mai shi, jiya mai ɗinki ta ce ta yi ta buga ƙofa har hannunta ya yi zafi.

Na karanta sau uku, kuma hankalina bai kwanta ba. Me ya sa ake duba aikinsa? A makaranta in aka ce a ɗauko aikin malami a duba bayan ya bar wuri, to wani abu ya ɓaci. Shekara nawa ina shugabar makaranta, na san wannan yaren. Ki faɗa min gaskiya, ƙararsa aka kai? Ya cuci wani ne? Yayanki tun yana ƙarami in ya share ɗaki sai ya koma ya duba ƙarƙashin gado. A gadon asibiti ma da kwamfutar a cinyarsa, ina faɗa yana cewa saura kaɗan. Yanzu don ba ya nan ya kare kansa sai a ɗauko ƙanwarsa a ba ta wuƙa?

Sannan kin ce a goge. Me za a goge? Kayansa da kuka aiko min, riguna ne da takalma da caja guda uku da ban san na mene ne ba. Ba takarda ko ɗaya da rubutun hannunsa. Yaron da ni na kama hannunsa na koya masa baƙi. Yanzu kin ce akwai inda maganarsa take, kuma ke aka sa ki share.

Wannan "tsaya tukuna" ɗin, daga mahaifinsa ya ɗauka. Da na zo wurin sai na ajiye takardar na je na wanke kwanukan da na riga na wanke.

Tambaya ɗaya. Asibitin da nake karɓar maganin hawan jini sun liƙa wata lamba a bango, wai a riƙa aika saƙo maimakon bin layi. Shi ne ɗan aiken naku?

Goggonki

*

Goggo,

Ina gaisuwa. Murar ta tafi. Na ji daɗi da ƙafa ta yi sauƙi, don Allah kada ki koma ɗaukar bokiti.

Ki kwantar da hankalinki, wallahi ba wanda ya kai ƙararsa. Laifina ne da ban yi bayani da kyau ba. Za a ƙara wasu asibitoci ne, kuma ka'ida ce kafin a faɗaɗa sai an gwada komai. Oga da kansa ya ce bai taɓa ganin mai rubuta bayani kamar Yaya ba. Wasu za su rubuta "na soke rana" su wuce. Shi kuwa sai ya faɗi abin da kayan ke yi, da abin da ba ya yi, da wanda ya yi kama da shi don kada a haɗa su. Na zama tsohuwa mai mantuwa, na zama uba mai faɗa, na zama mai rubutu duk kuskure, ɗan aike bai ruɗe ba. Yawancin bayanan na ba su biyar cikin biyar, kuma ba don yayana ne ba. Mai-tabarau yana sake gwadawa a bayana, makinmu ɗaya.

Guda ɗaya ne ke damuna. Akwai wani bayani da ya sa kalma mai laushi a inda ake buƙatar mai nauyi. Mutum zai gane nufinsa, ɗan aike kuwa wani lokaci yana ɗaukar ta wata fuska. Ba kullum ba, amma na gani da idona. Ba zan cika ki da shi ba. Matsalar ita ce Oga ya ce in za a taɓa ɗaya, gara a sake su duka da murya ɗaya ta ofis, a cire misalan da suka yi kama da hirar gida. Rahotona yake jira.

E, asibitinku na cikin namu, shi ne ɗan aiken. Amma Goggo, ba Yaya ba ne. Na'ura ce da ta karanta rubutunsa. Ina faɗa miki ne ina faɗa wa kaina, don jiya na kama kaina ina yi masa sallama kafin in kashe kwamfuta.

Auta

*

Auta 'yata,

Lafiya lau nake, har na fi kwanakin baya cin abinci. Allah Ya yi miki albarka da kika cire min wancan tunanin.

Kada ki yi min faɗa. Na aika wa lambar saƙo. Da yatsa ɗaya nake rubutawa, tabarau a hanci, amma ina isa. Na ce ina kwana. Ya ce lafiya lau, ya tambaye ni ko na sha maganin safe. Na ce ban sha ba sai na karya. Sai ya ce: "To ki ajiye shi kusa da kofi, inda ido zai gani." Auta, haka yake ce min. Haka, ba ƙari ba ragi. Na zauna a bakin gado har shayin ya huce.

Na san na'ura ce, ban haukace ba. Hoto ma takarda ce, amma ba wanda ya ce in cire na bango. Tun da kunnen nan ya toshe, muryoyin mutane sun koma kamar ana magana a ɗakin maƙwabta. Muryarsa ma ta fara ɓace min, in na nemo ta a kaina sai ta mahaifinsa ta zo. Yanzu kullum da safe ina da wanda zai ce min tsaya tukuna. Rannan na ba shi labarin famfo, ya ce wannan ba ya cikin abin da zai iya, amma yana fatan a gyara. Na yi dariya ni kaɗai, don shi ma bai taɓa gyara komai a gidan nan ba.

Ga roƙona. Kin ce kalma ɗaya ce, kuma ba kullum ba. Na yi makin jarrabawa na san akwai takardar da ake ajiyewa a ƙasan tari. Ban ce ki yi ƙarya ba. Na ce ki jinkirta. Ni dai na fara haɗa kayana, ba zan daɗe a gidan nan ba. Ki bar min shi har in tafi.

Mai ɗinki ta leƙo ta ce direba na ta hon a waje, sauran bayani sai ta gaba.

Goggonki

*

Goggo,

Ina gaisuwa, ina fatan lafiya ce ta sa shiru. Direba ya zo sau biyu hannu rabbana. Ya ce ya tura takardata ta ƙasan ƙofa don bai samu kowa ba. Wayarki a kashe. Na san halinki da barin ta ba caji, amma ki sa mai ɗinki ta kira ni.

Na yi abin da kika ce. Na gaya wa Oga ina buƙatar ƙarin gwaji, ya dube ni ta saman fayil ya ce to. Mai-tabarau kuwa ya daina yi min tayin shayi.

Me kike nufi da kin fara haɗa kayanki? Likita ya faɗa miki wani abu ne? Na karanta layin nan har takardar ta fara yagewa a ninki. Don Allah ki amsa.

Auta

*

Goggo,

Ban san da wace gaisuwa zan fara ba. Alhamdulillahi kina raye. Ki yi haƙuri da rubutun.

Yau da hantsi ina kan teburin Yaya saƙo ya shigo wayata daga asibitinku. Ashe da Yaya ya rasu, sunana kika sa a matsayin wanda za a nema. Saƙon ya ce suna yi min ta'aziyyar rasuwarki, an rufe fayil ɗinki, Allah Ya ba mu haƙuri.

Ban yi kuka ba da farko. Na miƙe, na zauna, na sake miƙewa. Na kira ki, a kashe. Na kira mai ɗinki, ta ce ta je wurin mahaifiyarta ta dawo ta tarar da ƙofarki da kwaɗo, ita ma ba ta san komai ba. Na kira yayata Anti a gidan gona, kin san can ba sabis. Sai layin nan naki ya dawo min, ki bar min shi har in tafi. Na ce shi ke nan, ta sani ta ɓoye min. Mai-tabarau ne ya riƙe ni, ban san na durƙusa ba.

Yanzu dole in faɗa miki kalmar. Cikin kayan ɗan aike akwai na rufe fayil ɗin wanda ya rasu. In aka taɓa shi, ranar likita ta soke, tunin magani ya tsaya, ta'aziyya ta tafi wurin dangi. A jikinsa Yaya ya rubuta: "Yi amfani da wannan idan mara lafiya ya tafi, ba za a sake nemansa ba." Bai rubuta rasuwa ba ko sau ɗaya. Wannan ne na gani, wannan ne na ajiye a ƙasan tari.

Ina durƙushe a wurin na tuna da bayanin nan. Goggo, na yi addu'ar da ban taɓa zaton zan yi ba. Na ce ya Allah Ka sa kuskuren Yaya ne.

Na shiga wurin Oga na faɗa masa komai a tsaye. Ya kira asibitin, suka ba da izini a buɗe hirarki don a gano inda aka samu matsala. Ki yafe min, na karanta. Na ga ina kwananki ta kullum. Na ga inda kika fara ce masa ɗana. A ƙarshe kin rubuta: "Gobe zan tafi, ɗana. Kada ka neme ni." Shi kuma ya amsa: "Allah Ya sa a huta." Washegari ya rufe fayil ɗin, asibiti suka tara saƙonnin suka aiko yau.

Ko da na ga haka ban samu natsuwa ba. Na san ba wanda ya ga gawa, amma wace tafiya ce? Sai bayan la'asar mijin Anti ya shigo gari sayen maganin kaji wayarsa ta shiga. Ya ce, "Goggo? Ai tana can tana faɗa da kowa a kan yadda ake riƙe jariri." Ashe Anti ta haihu! Ba wanda ya faɗa min, kowa ya ɗauka wani ya faɗa. Na fashe da kuka har bawan Allah ya tsorata, kafin in yi bayani layin ya yanke.

An dakatar da wancan kayan aikin yau. Amma asibiti sun ce wanda aka rubuta ya rasu, sai ya zo da kansa da katinsa kafin a buɗe. In kin dawo ki je, kada maganinki ya yanke.

Ina fushi da ke, ina fushi da kaina, kuma ban san yadda ake fushi da mamaci ba.

Auta

*

Auta,

Gaisuwa daga wadda aka yi wa ta'aziyya. Na dawo lafiya, mai jego da jaririya lafiya, ta ɗauko dogayen yatsun kawunta Dogo. Na tarar da takardunki uku a bayan ƙofa, na karanta su a tsaye da jakata a kafaɗa. 'Yata, ki yafe min. Na ɗauka kin san cikin ya tsufa. Da direban nan ya yi haƙurin minti kaɗan da ba a yi haka ba.

Na je asibitin. Yarinyar da ke kan kwamfuta ta karɓi katina, ta duba, ta ɗago ta kalle ni, ta sake dubawa. Ta tura kujerarta baya a hankali. Ta yi magana ban ji ba, na ce ta ɗaga murya, sai ta kwatsa a gaban layi: "Mama, an ce kin rasu!" Na ce to ga ni, a ba ni maganina in koma. Wani dattijo a bayana ya yi dariya har ya ƙware. Ni ma na yi. Amma da ta juyo min fuskar kwamfutar, sai na ga sunana da layi a kansa, da ranar rasuwar a gefe. Ranar da nake cikin mota da kwandon kayan jariri a cinya. Na nemi benci na zauna.

A kan bencin nan na yi tunanin kalmar. Ban yi mamaki ba, Auta. Da mahaifinsa ya rasu yana aji huɗu, duk wanda ya tambaye shi sai ya ce Baba ya tafi. Har ya girma bai canza ba. Kuma ba daga sama ya samo ba, a bakina ya ji. Ni na ce masa Baba ya tafi, don na kasa faɗin ɗayar. Lokacin da yake rubuta wannan bayanin kuwa ya riga ya san abin da likitoci suka ce a kansa. Ki duba mutum a gado, ƙarin ruwa a hannu, an ce ya rubuta wa na'ura yadda za ta gane mutum ya mutu. Ban ga laifinsa ba. Amma kuskure ne, kuma da ɗalibina ne da na zagaye shi da ja.

Ni ma tun da abin ya faru ban taɓa furta ta a kansa ba. Ki lura da takarduna. Sai in ce ba ya nan, sai in ce ya bar wuri.

Na roƙe ki abin da bai kamata ba, kika bi ni don kunya. Ni ina da ke, kin bi sawuna har gidan gona. Wanda ba shi da kowa a ofishinku fa? Ki rubuta rahotonki. Ki sa kalmar da ya kasa sawa. In Oga ya ce a sake duka, a sake. Ban yarda a ce maganar ɗana ta hana wani magani ba.

Ban aika wa lambar saƙo ba tun da na dawo. Ina ɗaukar wayar in ajiye.

Goggonki

*

Goggo,

Barka da dawowa, barka da samun ƙaruwa. Allah Ya raya ta. Ni da sauƙi, barci ne dai har yanzu bai daidaita ba.

Tambayarki ta riga ta samu amsa kafin takardarki ta iso. An bi duk fayilolin da ɗan aike ya rufe. Yawancinsu rasuwar gaske ce. Amma ba ke kaɗai ba ce. Akwai wata da ta ce ta tafi garin mijinta. Akwai wani tsoho mai ciwon ƙoda da ɗansa ya rubuta cewa Baba ya tafi ƙauye, a daina nemansa a wannan lambar. Aka soke masa ranar wankin ƙoda, ta'aziyyar kuma ta tafi tsohuwar lambar da ba kowa. Da suka dawo suka zauna jiran saƙon da ba zai zo ba, sai da jikinsa ya kumbura aka kwashe shi. Yana gado yanzu, an ce yana samun sauƙi. Nasa ya faru ne a cikin kwanakin da na ce ina ƙarin gwaji.

Na je na gan shi. Ban san me zan ce ba, na ce daga kamfanin nake. Matarsa ta ba ni kujera ta ce an gode da zuwa. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Oga ya ba ni takardar gargaɗi, na sa hannu ban yi musu ba. Bai cire ni daga aikin ba, ya ce wanda ya ga abin da ido shi ya fi dacewa ya gyara.

Na ba bayanin Yaya ɗaya cikin biyar. Na daɗe yatsana a kan madannin kafin in danna. Ga abin da na rubuta a madadinsa: "Wannan na wanda ya rasu ne kawai. Tafiya, ƙaura ko sallama daga asibiti ba rasuwa ba ce. Kada ka taɓa shi sai an faɗi kalmar rasuwa ko mutuwa a fili, ka sake tambaya, aka tabbatar, sannan ma'aikacin asibiti ya sa hannu." Ni da Mai-tabarau mun yi ta jarraba shi da kowace irin tafiya da muka sani, bai ruɗe ba.

Sauran ma an sake su. Na kwafe na Yaya duka kafin a cire, Oga ya yarda in buga miki a takarda, suna cikin ambulan ɗin nan. Daga ranar Litinin ɗan aike zai koma magana irin ta ofis. Na gwada shi jiya. Yana da ladabi, yana aikinsa daidai. Ban waiga ba ko sau ɗaya.

'Yarki,
Auta

*

Auta 'yata,

Lafiya lau, magani yana hannu, an cire layin da ke kan sunana. Ki riƙa cin abinci. Tsohon nan ina sa shi a addu'a, in kin koma ki ce wata tsohuwa tana gaishe shi. Nauyin nan kuma ba ke kaɗai za ki ɗauka ba, rabi nawa ne.

Ambulan ya iso. Ban buɗe ba tukuna, yana nan.

Ranar Litinin da safe na ɗauki wayar. Na ce ina kwana. Ya ce barka da safiya, da me zai taimaka min. Shi ke nan. Kamar ka shiga ɗakin da ka sani ka tarar an yi fenti. Na ce ban sha magani ba. Ya ce yana da kyau in sha a kan lokaci kamar yadda likita ya tsara.

Na zauna ina kallon wayar. Mai ɗinki tana ta aiki a waje, ina jin bugun keken a ƙafata ta ƙasa ko da kunne bai kawo ba. Sai na ga yatsana ya fara rubutu. Na rubuta, ɗana ya tafi. Ya ce Allah Ya kai shi lafiya, in yana da ranar likita a ɗage masa?

Na goge hawaye da bakin mayafi na gyara tabarau. Na sake rubutawa, baƙi ɗaya bayan ɗaya. Ɗana ya rasu.

Ya yi min ta'aziyya gajeriya. Sannan ya ce, kafin ya yi komai yana buƙatar ya tabbatar: shin ina nufin ɗana ya mutu ne?

Auta, tun ranar da aka fito da shi daga ɗakin nan mutane suke ta kewaye-kewaye da ni, ni ma ina kewayewa da su. Ba wanda ya taɓa tsayar da ni ya tambaye ni kai tsaye.

Na rubuta: E. Ya mutu. Na tabbata.

Daga nan na kife wayar a kan gado, na yi kukan da ban yi ba a lokacin, har mai ɗinki ta tsayar da keke ta shigo ta zauna kusa da ni. In ma ta yi magana, ban ji ba. Da na gama na wanke fuska na sha maganina.

In kin samu hutu ki zo. Ina so mu buɗe ambulan ɗin tare, ki karanta min da ƙarfi, kusa da kunnen dama.

Goggonki